Laka, gishiri da ruɓaɓɓiyar ayaba: yadda ake janyo malam-buɗe-littafi zuwa lambu

Yawancin masu lambu, idan suna son ganin malam-buɗe-littafi yana shawagi a tsakanin shuke-shukensu, furanni suke ƙarawa, kuma suna da hujja, domin ruwan zaƙin da ke cikin fure shi ne babban abincin akasarin waɗannan ƙwari. Sai dai duk wanda ya taɓa lura da bakin rafi da hantsi, ko wurin da dabbobi suka sha ruwa suka tattake ƙasa, zai iya tuna ganin su sun yi dandazo a kan laka, su goma ko hamsin, sun tsuke fuka-fukansu, kowane ya kafa bakinsa a ƙasa, alhali babu fure ko ɗaya a wurin. Wasu kuma ana samunsu a kan kashin dabbobi, ko a kan 'ya'yan itacen da suka faɗo suka fara ruɓewa, ko a jikin bishiyar da ta ji rauni tana tsiyayar da ruwa. Wannan yana nuna cewa fure ba ya biya musu dukkan buƙata, kuma mai lambun da ya gane abin da suke nema a waɗannan wurare zai iya tanadar musu shi da kasko ɗaya da yashi da ragowar 'ya'yan itace.

Abin da suke nema a laka ba ruwa ba ne kawai. A shekarar 1974 wasu masana uku na Jami'ar Cornell da ke Amurka, Karen Arms da Paul Feeny da Robert Lederhouse, sun jera farantan yashi a fili, suka jiƙa kowane da ruwa mai ɗauke da sinadari daban, sannan suka zuba ido su ga inda wani nau'in malam-buɗe-littafi mai suna Papilio glaucus zai fi sauka. Ƙwarin sun fi yin tururuwa a kan farantan da ke da sinadarin sodiyam, wato ginshiƙin gishirin da ake sa wa abinci, kuma masu saukar maza ne. Dalilin wannan kwaɗayi yana komawa ga lokacin da ƙwaron yake tsutsa. Tsutsar tana rayuwa ne a kan ganye zalla, shi kuwa ganye yana da fotashiyam mai yawa amma sodiyam ɗinsa kaɗan ne ƙwarai, domin yawancin tsirrai ba sa buƙatarsa kamar yadda dabbobi suke buƙata. Jijiyoyi da tsokar dabba ba sa aiki sai da shi. Saboda haka ƙwaron yana fitowa daga kwansonsa da ɗan abin da ya tara, ruwan fure kuma kusan sukari ne da ruwa, ba zai cike masa giɓin ba.

Tambayar da ta fi ɗaukar hankali ita ce dalilin da ya sa maza suka fi yawa a bakin laka. Amsar da ta fi ƙarfi ta fito daga binciken da Scott Smedley da Thomas Eisner suka wallafa a 1995 da 1996 a kan wani ɗan uwan malam-buɗe-littafi mai yawon dare, Gluphisia septentrionis. Namijin wannan ƙwaro yakan tsaya a bakin kududdufi na tsawon sa'o'i yana zuƙar ruwa yana feso shi ta baya, har adadin ruwan da ya ratsa cikinsa ya kai kusan ninki 600 na nauyin jikinsa, hanjinsa kuma yana tace sodiyam yana riƙewa. Idan ya sadu da mace, yakan miƙa mata wani ƙunshi da ke ɗauke da maniyyi tare da kaso mai yawa na wannan gishiri, ita kuma ta zuba shi a cikin ƙwayayenta. Ke nan gishirin da namiji ya tsotso daga laka yana ƙarewa ne a jikin 'ya'yansa. Bai kamata a ɗauki wannan a matsayin dokar da ta hau kan kowane nau'i ba, domin akwai nau'o'i kusan 18,000 zuwa 20,000 na malam-buɗe-littafi a duniya, kuma bincike a kan wasunsu ya nuna cewa namiji yana iya amfani da gishirin don ƙarfin tsokar tashi, tunda shi ne mai yawan zirga-zirgar neman mace. Wani bincike da aka yi a tsibirin Borneo aka wallafa a 1999 ya ƙara nuna cewa iyalan ba su da ɗanɗano ɗaya: manyan masu jela a fuka-fuki da farare da rawaya sun fi son gishiri, wasu iyalan kuwa sun fi karkata ga abin da ke da furotin. Wannan ne ya sa ake ganin wasu a kan mushe da kashin tsuntsaye, har ma a yankin Amazon akwai waɗanda ke sauka a idon kunkuru da kada suna shan hawaye, saboda ƙarancin gishiri a ƙasar da take nesa da teku kuma ruwan sama yake wanke ta kullum.

Idan aka fahimci wannan, yadda ake haɗa wurin shan laka ya zama abu mai sauƙin ganewa. Ana samun kasko mai faɗi marar zurfi, ko faranti irin wanda ake sa wa a ƙarƙashin tukunyar fure, mai faɗin kamar santimita 30 zuwa 45, a cika shi da yashi mai ɗan kauri da aka gauraya da ƙasar lambu da ɗan takin da ya riga ya ruɓe. Sai a zuba ruwa a hankali har yashin ya jiƙe sharkaf, amma a tsaya kafin ruwa ya taso ya rufe samansa. Wannan shi ne wurin da mutane da yawa suke kuskure, domin suna ɗaukar abin kamar kwanon shan ruwan tsuntsaye ne. Malam-buɗe-littafi ba ya sauka a kan buɗaɗɗen ruwa, ƙafafunsa sirara ne, kuma idan fuka-fukansa suka jiƙe zai iya kasa tashi. Bakinsa wani siririn bututu ne da yake naɗe shi idan ba ya ci, ya miƙe shi idan ya samu abin sha, kuma yana iya janyo danshin da ke tsakanin ƙwayoyin yashi ko da ido bai ga ruwa ba. Da tafin ƙafarsa yake fara ɗanɗana wurin, shi ya sa za a ga ya sauka, ya ɗan taka nan da can, sannan ya warware bakin ko ya tashi. Akwai wani dalili na biyu da ya sa ruwa bai kamata ya kwanta ba: sauro yana iya kammala girma daga ƙwai zuwa babba cikin mako ɗaya zuwa kwana goma a ruwan da ke tsaye, jiƙaƙƙen yashi kuwa ba ya ba shi wannan dama.

Batun gishiri yana buƙatar taka-tsantsan. Rabin ƙaramin cokali a cikin lita ɗaya ta ruwa ya wadatar a zubin farko, kuma daga nan ruwa zalla za a riƙa ƙarawa. Dalili shi ne rana tana ƙafar da ruwa amma ba ta ɗauke gishiri, don haka wanda yake sa gishiri a duk lokacin da ya yi ban ruwa, cikin 'yan makonni zai ga farin ɓawo ya fito a saman yashin, kuma ƙwarin za su daina sauka. Son gishirin da suke yi yana da iyaka. Binciken da Emilie Snell-Rood da abokan aikinta suka wallafa a 2014 a kan tsirran gefen titi a arewacin Amurka, inda ake watsa gishiri don narkar da ƙanƙara, ya nuna cewa ƙarin sodiyam matsakaici yana sauya ginin tsoka da ƙwaƙwalwar ƙwarin da suka ci ganyen suna tsutsa, amma idan ya yi yawa sai mace-macensu ya ƙaru. Haka kuma gishiri yana kashe ƙasar noma, saboda haka ya fi kyau a yi wannan haɗi a cikin kasko maimakon a haƙa rami a tsakiyar fangali a zuba. Wanda yake son abin ya yi kama da na daji zai iya binne kaskon har bakinsa ya yi daidai da ƙasa. Ɗan barbaɗin tokar itace yana ƙara wasu ma'adanai, taki kuma yana kawo sinadaran da masu neman furotin suke so, sai dai a guji kashin dabbar da aka ba maganin tsutsar ciki kwanan nan, domin wasu daga cikin waɗannan magunguna suna fita ta kashi da sauran ƙarfinsu na kashe ƙwari.

Inda aka ajiye kaskon yana da muhimmanci daidai da abin da ke cikinsa. Malam-buɗe-littafi ba ya ɗumama jikinsa da kansa kamar tsuntsu, yana dogara ne da rana, kuma yawancinsu ba sa tashi da kyau sai tsokar ƙirjinsu ta kai wajen digiri 30 a ma'aunin Salshiyas. Don haka wurin da rana take bugawa tun da safe, wanda kuma shinge ko bango ya kare shi daga iska, shi ne ya dace. Duwatsu biyu ko uku masu faɗi a cikin kaskon da gefensa suna ba su wurin sauka da shan hantsi. A ƙasashe masu tsananin zafi lissafin yakan ɗan sauya, domin kaskon da ke rana tsaka zai bushe kafin azahar, sai a nemi wurin da inuwa take rufewa da rana ta take. Wasu sukan rataye gora mai ƙaramin huji a sama tana ɗiga a hankali, hakan kuwa ya fi a zuba ruwa mai yawa sau ɗaya amfani. Yana kuma da kyau a sani cewa a lokacin da ruwan sama ya wadata, laka tana ko'ina, kaskon ba zai yi kasuwa ba. Amfaninsa yana bayyana ne idan gari ya bushe.

Akwai wata ɗabi'a tasu da ake iya cin moriyarta. Namiji mai wucewa ya fi saurin sauka a inda ya ga 'yan uwansa sun riga sun sauka, musamman masu launi irin nasa, shi ya sa a bakin rafi ake ganin rawaya sun taru gefe guda, farare gefe guda. Masu nazarin ƙwari sun daɗe da sanin cewa ko takarda mai launi da aka yanka da siffar fuka-fuki aka kafa a laka tana iya sauko da na farko, daga nan kuma taron ya ci gaba da kansa.

Ɓangare na biyu na wannan aiki shi ne haɗin 'ya'yan itace, kuma baƙin da yake kawowa daban suke da na laka. Akwai rukuni babba na malam-buɗe-littafi, galibi mazauna kurmi da inuwar itatuwa, waɗanda kusan ba sa kula fure. Cikinsu akwai Charaxes na Afirka masu ƙarfin tashi, da Morpho masu shuɗin fuka-fuki na Kudancin Amurka, da Caligo masu zanen idon mujiya, sannan a Turai da Arewacin Amurka akwai irin su Vanessa atalanta da suke haɗa fure da 'ya'yan itacen da suka faɗo. Abin da ke kiran waɗannan ba launi ba ne, wari ne. Idan 'ya'yan itace suka nuna suka wuce, ƙwayoyin yis, irin wanda ke kumbura burodi, da ke jikin ɓawonsu sukan fara cin sukarin suna fitar da barasa da wasu sinadarai masu tashi a iska, kuma wannan tsamin ne ƙwarin suke bi daga nesa. Saboda haka ayabar da aka yanka yanzu-yanzu ba ta da tasiri sosai, wadda ɓawonta ya yi baƙi cikinta ya yi ruwa-ruwa ita ce ake nema. Mangwaro da gwaiba da abarba da kankana da lemo duk suna aiki, matuƙar an farfasa su yadda ruwan zai fito fili, domin ƙwaron ba shi da haƙori.

Haɗin da masana suka fi amfani da shi ba shi da wuya. A dame ayaba uku ko huɗu da suka nuna sosai, a sa cokali biyu na sukari mai ƙasa-ƙasa, da ɗan yis irin na burodi, da ruwa kaɗan har ya yi kauri kamar kunu, a rufe a bar shi a wuri mai ɗumi kwana biyu. Kada a ɗaure murfin da ƙarfi, domin haɗin yana fitar da iska kuma zai iya fasa mazubin. Asalin wannan dabara yana wurin masu tara ƙwarin dare na Ingila a ƙarni na 19, inda ake danganta yaɗuwarta ga 'yan uwan nan biyu, Edward da Henry Doubleday, kuma su kan shafa haɗin sukari a jikin bishiya da magariba su dawo da fitila. Tsofaffin haɗe-haɗen Turawa sukan ƙunshi giya, amma ba dole ba ce, domin aikin da take yi shi ne kawo warin tsami, yis kuma yana samar da shi daga ayabar kanta. A Gabashin Afirka ne aka inganta tarkon raga mai siffar ganga da ake rataya farantin ayaba a ƙarƙashinsa, wanda ke ɗauke da sunayen masu nazarin ƙwari biyu, van Someren da Rydon, kuma har yau da shi ake ƙidayar irin waɗannan ƙwari a dazuzzukan wurare masu zafi. Mai lambu ba ya buƙatar ragar, farantin kawai ya ishe shi, ko kuma ya shafa haɗin a kututture ko a wani guntun icce da ya rataye.

Wahalar wannan haɗi ita ce ba malam-buɗe-littafi kaɗai yake gayyata ba. Tururuwa da ƙudaje da rina da zanzaro za su zo, da dare kuma ɓeraye. Rataye farantin da waya, a shafa man shafawa mai kauri a wani sashe na wayar, yana hana tururuwa saukowa, haka ma ɗora shi a tsakiyar wani faranti mai ɗan ruwa, muddin ana sauya ruwan a kai a kai. Ya kamata a nisanta shi da ƙofa da taga da wurin wasan yara saboda masu harbi, a kuma ɗauke shi da yamma idan ba ana son ganin ƙwarin dare ba ne. Inuwa mai ratsin rana ta fi dacewa da shi, domin rana tana busar da shi kuma masu cin sa ma 'yan inuwa ne. Bayan kwana biyu ko uku, idan fumfuna ta fara fitowa, sai a zubar a cikin tarin taki, a wanke farantin. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: ƙwaron da ya daɗe yana shan abin da ya yi tsami yakan yi nauyin jiki, har mutum ya iya kusantarsa da hannu bai tashi ba. Wannan yana da daɗi ga mai ɗaukar hoto, amma yana da daɗi ga ƙadangare da tsuntsu ma, saboda haka farantin da ke rataye kusa da ganyen da za a iya ɓuya a ciki ya fi wanda aka ajiye a ƙasa a fili.

Akwai kuma ruwan sukari da ake jiƙa soso da shi a ajiye wa ƙwarin, amma shi ne mafi raunin waɗannan dabaru a ganina. Idan za a yi, kashi ɗaya na sukari cikin kashi tara na ruwa ya isa, kuma kada a yi amfani da zuma, domin tana iya ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke kama ƙudan zuma. Amma abin da yake bayarwa fure yana bayar da wanda ya fi shi, ba tare da wanke soso kullum ba.

Wani nau'in kwaɗayi na uku ya cancanci a ambata, domin yana nuna iyakar gishiri da sukari. Mazan dangin Danaus, waɗanda tsutsarsu ke cin ganyen tumfafiya da danginta, sukan nemi busassun ko yanƙwanannun tsirrai irin su Heliotropium da Crotalaria, su jiƙa su da yawu su tsotse wasu sinadarai masu ɗaci. Da waɗannan sinadarai suke haɗa ƙamshin da suke jan hankalin mace da shi, kuma suna ƙara musu kariya daga masu cin su. Damin irin wannan ciyawa da aka tuge aka rataye ya yanƙwane yakan tara su, alhali ayaba ba za ta motsa su ba.

Abin da ya kamata mai lambu ya riƙe a ransa shi ne dukkan waɗannan dabaru manya kawai suke ciyarwa, kuma suna kiran waɗanda suke kusa ne, ba sa ƙirƙiro sababbi. Babban malam-buɗe-littafi a yawancin nau'o'i makonni kaɗan yake yi a duniya, kuma macen ba ta yin ƙwai sai a kan tsiron da tsutsarta za ta iya ci, wanda sau da yawa dangi ɗaya ne tak. Papilio demodocus yana neman lemo da danginsa, Danaus chrysippus yana neman tumfafiya, fararen Catopsilia kuma suna neman dangin Senna, wato su tafasa. Lambun da ba shi da irin waɗannan tsirrai, ko wanda ake fesa masa maganin ƙwari da zarar an ga ganye ya huje, zai iya samun baƙi masu wucewa a kaskonsa amma ba zai haifar da ko ɗaya ba. Har maganin nan da ake yi da wata ƙwayar bakteriya mai suna Bt, da ake yaba shi saboda ba ya cutar da mutane da tsuntsaye, irinsa da ake fesa wa kayan lambu an yi shi ne musamman don kashe tsutsar dangin malam-buɗe-littafi, ba ya kuma bambanta mai ɓarna da wadda ake marmarin gani. Binciken da mujallar Science ta wallafa a 2025 ya nuna cewa yawan malam-buɗe-littafi a Amurka ya ragu da kashi 22 cikin ɗari tsakanin 2000 da 2020, kuma abubuwan da masana suka fi ɗora wa alhaki su ne rasa muhalli da magungunan ƙwari da sauyin yanayi. Ƙarancin laka ba ya cikinsu.

Saboda haka idan an kafa kasko aka yi mako biyu ba a ga kowa ba, ƙara gishiri ba shi ne mataki na gaba ba. A fara duba ko yashin yana bushewa kafin hantsi ya ɗaga, ko iska tana kaɗa wurin, ko kuma lokacin fitowar ƙwarin ne bai yi ba, domin kowane nau'i yana da watanninsa. Idan duk waɗannan sun daidaita kuma har yanzu shiru, to matsalar tana ga abin da aka shuka da abin da ake fesawa a lambun da maƙwabtansa, kuma gyaran wannan yana ɗaukar damina ɗaya ko biyu kafin a ga sakamakonsa a bakin kaskon.